Waiwaye: Daga Makuba Zuwa Bokitin Fenti

A ƙasar Gaya ta da, ba a jiran bango ya tsage kafin a tuna da shi. Gyaran gida yana da lokacinsa a cikin shekara, kuma kowa ya san lokacin. Idan an gama kaka, amfani ya shiga rumbu, sai maigida ya fara zagaya katangarsa yana duba inda damina ta ci. Kafin hadarin farko ya haɗo daga gabas, lallai a ce an yi yaɓe, an toshe tsagar rufin soro, an daidaita indararo. Wanda ya yi sakaci da wannan, markar Agusta ce za ta tuna masa, wani lokaci da tsakar dare, yara na barci a ƙarƙashin azara.

Abin da ke ba ni sha'awa in na waiwaya shi ne yadda Allah Ya haɗa lokacin buƙata da lokacin samu. Ɗorawa tana nuna ne da bazara, daidai sa'ad da ake shirin tarbar ruwa. Yara su sha garinta, mata su tara kalwa domin daddawa, ɓawon kuwa ba a zubar da shi, shi ake kira makuba. A daka shi, a jiƙa ya kwana, ruwan ya yi ja har ya doshi baƙi, sannan a kwaɓa ƙasar yaɓe da shi ko a yayyafa a jikin bango. In ya bushe sai bangon ya yi tauri, ya yi wani duhu mai ɗan sheƙi, ruwan sama ya riƙa zamewa a kansa. Da wannan ruwan ne mata suke daɓen ɗakin amarya, madaɓi a hannu, ana yi ana waƙa. Makuba ba ta dawwama, bayan damina ɗaya ko biyu sai an sabunta. Ba wanda yake ganin haka aibi ne, domin tun farko ba a yi wa kowa alkawarin za ta dawwama ba.

Masu hali kuwa, sarakuna da attajirai, laso suke yi. Ana haɗa shi da katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin rijiyar karofi, a kwashe, a busar, a ƙona, a dake. A zuba gashin jima da ake samowa wurin majema, a kwaɓa da ruwan dafara mai yauƙi. Sana'a uku ke nan a jikin bango ɗaya: marini, majemi da magini. Laso ya fi makuba jure ruwa nesa ba kusa ba. Amma da yadin kanti da rinin bature suka kashe yawancin karofin ƙasar Kano, aka bar kaɗan irin na Ƙofar Mata, sai katsi ya yi wuyar samu, laso ya bi shi. Ado kuma akwai shi: farar ƙasa da ɗan shuni a ciki, zanko a saman zaure, zayyanar dagi a goshin ƙofa, daga baya har da takobi da keke da jirgin sama a gidan wanda ya sauke farali. Wanda yake son ganin abin da nake faɗa ya je Gidan Makama a Kano, ko tsohuwar unguwar Birni a Damagaram.

Sai dai ba kayan aikin ne na fi kewa ba. Abin da na fi kewa shi ne sanin asalin mai aiki. Tarihin baka na Kano ya ce maƙeran Gaya ne, Abagayawa, suka fara zuwa Dutsen Dala neman tama. Gaya ƙasa ce da ta shiga tarihi ta ƙofar sana'a. A irin wannan ƙasa kowace sana'a tana da gida, tana da sarki. Akwai sarkin maƙera, akwai sarkin magina. A Zazzau har yau ana tunawa da Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu. Maginin da ya yi maka yaɓe ka san mahaifinsa, sahu ɗaya kuke tsayawa a masallaci. In aikinsa ya zube a damina, ba sai ka kai ƙara ba, kunya kaɗai za ta kawo shi ƙofar gidanka da sassafe.

Siminti ya shigo da ƙarfinsa ne a shekarun 1970. Kamfanin Sakkwato ya fara aiki a 1967, na Ashaka a 1979. Tsakanin nan kuɗin mai ya yawaita, aka yi ƙarin albashin Udoji, a 1975 kuma ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti suka toshe tashar Legas. A 1976 aka yi garambawul ga ƙananan hukumomi, aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare na bai ɗaya, sai ga sakatariya da azuzuwan bulo masu rufin kwano da fenti suna tashi a garuruwan da ba su saba ganin irinsu ba. Fenti kansa ya girmi wannan lokaci, kamfanin fenti na Berger ya kafu a Nijeriya tun 1959, amma a wajenmu sai a shekarun nan ya zama abin da ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati zai yi wa gidansa. Daga nan wani tunani ya zauna a zukatan mutane: wanda ya yi bulo ya shafa fenti ya huta da gyara har abada. Wannan tunani shi ya fi cutar da gidajenmu. Sana'ar fenti kuma ta zo ba gida, ba sarki. Duk wanda ya sayi rola da burushi ya ari tsani ya zama fenta.

Na fara gane bambancin gwani da mai riƙe rola ne a gidan wani baffana a Gaya. Ya rushe tsohon zaurensa ya yi na bulo saboda bikin 'yarsa, ya haɗa da katangar gaba. Ba a daɗe da gama filasta ba ya aika aka kira masa wani dattijon fenta daga wajen Wudil, mutumin da ya yi shekaru yana aiki da kamfanonin gini a Kano. Dattijon bai tambayi launi ba, bai yi maganar kuɗi ba. Ya ciro makulli daga aljihu yana bin bangon yana ƙwanƙwasawa, kunnensa a kusa, inda ya ji ƙarar rami sai ya zana da gawayi. Ya je tsohon ɓangaren gidan da aka taɓa yi wa fenti ya shafa tafin hannu, ya nuna wa Baffa farin garin da ya ɗebo. Sannan ya yanki leda ya liƙa a gindin sabon bangon, ya ce kada a taɓa sai gobe. Washegari da aka ɓare, cikin ledar ya yi gumi.

Ya ce, "Alhaji, bangon nan bai gama shan iska ba. In na shafa masa fenti yanzu, na ci kuɗinka a banza."

Baffa ya ce, "Haba Malam! Biki ya ƙarato, baƙi za su zo daga birni su tarar da gida haka?"

"Allah Ya huci zuciyarka, Alhaji. Akwai masu yi maka shi yau ɗin nan. Ni dai ba da hannuna ba."

Ran Baffa ya ɓaci, mata ma sun yi ta mita a cikin gida. Amma mutum ne mai jin maganar wanda ya fi shi sani, sai aka yi biki da bango launin toka. Bayan an watse da 'yan makonni dattijon ya dawo da yaransa. Mafi yawan kwanakin aikin a kankara da ciko da gugar samfefa suka tafi, birkila ya fasa wuraren da aka zana ya sake yaɓawa, aka jira su ma suka bushe. Shafa fentin kansa shi ne ƙaramin aiki. Fentin ya yi shekaru a jikin gidan nan ba kumbura ba ɓarewa, sai dai kodewar da rana ke sa wa kowane launi.

Abin da dattijon ya sani da hannu da kunne, masu ilimin gini sun tabbatar da shi. Sabon siminti yana da kaifi irin na ruwan toka, kuma yana riƙe da ruwa a cikinsa. Shi ya sa ake cewa a ba sabuwar filasta kimanin kwana 28 kafin a shafa mata komai. In an yi gaggawa, kaifin nan ya cinye danƙon fentin ya ɓata launi, ruwan da ke neman hanyar fita ya turo shi ya yi ƙuraje, ko ya fito da wani farin gishiri a kansa. Ɓarewar da ake gani daga ƙasa zuwa kusan ƙugu a gidaje da yawa kuwa, sau tari ba ta da alaƙa da ingancin fenti. Danshi ne ke hawowa daga ƙasa, ko don ba a shimfiɗa ledar tare danshi a kan harsashi ba, ko don kwata na bin gindin katanga, ko don ruwan kwano na zuba yana fantsama. Tsohon dakali da kakanninmu suke yi a gindin bango ba don zaman hira kaɗai ba ne, kariya ce daga wannan fantsamar. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Fentan kirki zai gaya maka ka gyara kwatarka tukuna, ko da hakan zai jinkirta masa samun kuɗi.

Haka nan bangwayen gida ba ɗaya suke ba. Hadarinmu daga gabas yake zuwa da iska, don haka bangon gabas ne yake shan dukan ruwa, maginan da ma sun fi kaurara masa yaɓe. Na yamma kuma ranar la'asar ce ke gasa shi, musamman a Maris da Afrilu da zafi kan haura digiri 40. Gwani inuwa yake bi: da safe ya yi bangon yamma, da yamma ya koma na gabas, saboda fentin da aka shafa a kan bango mai zafi yana bushewa kafin ya kama. Ba ya aiki ranar da ƙurar hunturu ta yi kauri, ba ya aiki in hadari ya haɗo. Lokacin da ya fi dacewa a wajenmu shi ne bayan ɗaukewar ruwa, bango ya bushe, ƙura ba ta kankama ba. Mu kuwa mun fi tuna fenti in Salla ko biki ya matso, ko wane wata ne.

Sai abin da ke cikin bokitin. Fentin ruwa haɗin launi ne da danƙon da ke riƙe shi a bango, da garin alli na ciko, da ruwa. Danƙon da farin sinadarin titaniyam su ne masu tsada, kuma galibi daga waje ake shigo da su, shi ya sa faɗuwar darajar naira tun 2023 ta ɗaga farashin fenti sama. Fenti mai araha alli ne ya yi masa yawa, danƙo ya yi kaɗan. Ranar farko ba ka bambanta shi da mai kyau, sai damina ta wanke shi, ko yaro ya jingina ya tashi da farar riga. Araha ba ta ado. Akwai kuma na ciki, akwai na waje, kuma na ciki ba ya jure rana da ruwa komai sunan kamfaninsa. Ko a Ƙofar Ruwa ka saya, ko a Sabon Gari, ko a shagon garinku, ka duba murfin ko an taɓa buɗe shi, ka duba tambarin hukumar SON, ka karanta abin da aka rubuta a jiki. Ba na cewa duk fentin ƙananan masu haɗawa na gida ba shi da kyau. Akwai masu tsoron Allah a cikinsu, kuma sana'a ce da ke ciyar da matasa. Amma a tambaye su kai tsaye: na waje ne ko na ciki?

Lissafin ma ba shi da wuya. A kan bango mai santsi lita ɗaya kan rufe kimanin murabba'in mita 10 a shafi ɗaya. Katangar da ke da tsawon mita 15 da tsayin mita 3 murabba'in mita 45 ce, shafi biyu ya zama 90, wato wajen rabin bokiti mai lita 20, in filastar tana da kaushi ta ci fiye da haka. Wanda ya ce maka bokiti ɗaya zai zagaye gida duka har da zaure, da ruwan rijiyarka zai cika aikin.

Inda abin ya fi damuna shi ne ƙauyuka. A Toranke da Balare da Gafasa na ƙasar Ajingi, da Kademi ta Gaya, gidajen ƙasa suna nan da yawa. Yaro ya je ci-rani Abuja ko Legas ya samo ɗan abin hannu, yana son ya faranta wa iyayensa, sai ya sa a yi wa bangon ƙasa filastar siminti a bi da fentin mai. Niyyarsa mai kyau ce, Allah Ya saka masa. Amma siminti ba ya kama ƙasa da gaske, zafi da sanyi ba sa motsa su daidai da juna. Da zarar ya yi 'yar tsaga ruwa zai shiga bayansa, kuma ba shi da hanyar fita, domin simintin da fentin sun toshe numfashin bangon. Daga waje gida fes, ciki kuwa ƙasa tana narkewa, gara tana aikinta ba mai gani. Ranar da filastar za ta faɗo, da rabin bango take tahowa. Bangon ƙasa yaɓen ƙasa yake so, da farar ƙasa in ana son haske, da rufin da ya zarce shi kaɗan ya kare shi. A garin Jenne na ƙasar Mali, jama'a kan taru duk shekara su sake yaɓe babban masallacinsu na ƙasa, kuma yana nan tsaye tun ginin 1907. Fentan da ya san aikinsa in ka kai shi gaban bangon ƙasa zai ce ka nemi magini.

Kada kuma a ɗora wa masu fenti laifin duka. Mu masu gida muna da namu. Mutum ya faɗi kuɗin aikinsa na gaskiya, a yi ta ja da shi har a kai shi inda ba zai fita ba sai ya rage shafi ko ya tsallake kankara. Wani a gama masa aiki ya riƙa cewa a dawo gobe, alhali addininmu ya yi umarni da gaggauta biyan ma'aikaci haƙƙinsa. Wani kuma ya fi son wanda zai ce masa "an gama, Alhaji" a kan wanda zai ce masa "dakata". In gaskiya ba ta kawo wa mai sana'a ciniki, kaɗan ne za su jure a kanta.

Shawarata ga mai neman fenta ita ce ya maido da abin da muka rasa, wato sanin mutum da aikinsa. Kada hoton waya ya ishe ka, kowane fenti kyakkyawa ne ranar da aka shafa shi. Ka ce ya nuna maka gidan da ya yi wanda ya ga damina biyu, ka hau babur ka je, ka zagaya ta gabas, ka gaisa da mai gidan. In za a yi jinga, a rubuta a gaban shaidu: wane fenti, shafi nawa, wa zai sayo kaya, wa zai biya kankara da ciko da hayar tsani, nawa ne kafin alƙalami, yaushe za a cika. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka ba rashin yarda ba ne a ce a rubuta. A buɗe bokitai a gabanka, kuma ka ga shafin farko da idonka kafin a ɗora na biyu.

Akwai wata magana ta lafiya da ba a cika yi ba. Wasu fentin mai, musamman ja da rawaya masu ƙyalli da ake shafa wa ƙofofi da tagogi, kan ƙunshi dalma. Amurka ta hana irinsu a gidajen zama tun 1978, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana kira da kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan a fenti. Mun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Can daga niƙan dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa. In ana kankare tsohon fentin ƙofa a kawar da yara da masu juna biyu, a yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, a share a kwashe kafin kaji da masu rarrafe su iso wurin. Shi ma mai aikin ya rufe hanci, ya kuma lura da wayar lantarki kafin ya jingina tsani.

Matasanmu da suka koyi fenti a manyan gine-ginen Abuja da Kano ba su da kasawa, wasunsu sun iya sikiridin da fentin ado mai ƙuraje fiye da yadda ake zato. Abin da babu shi ne hanyar da mai gida zai bambanta su da wanda ya fara jiya. Akwai jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya mai mataki uku, hukumar NABTEB ma tana jarraba fenti da ƙawata gini, ga kwalejin fasaha a Wudil kusa da mu. Tun da dokar masarautun Kano ta 2024 ta bar Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashin masarauta ɗaya, ina ganin ba abin da zai hana masu wannan sana'a su haɗa kansu, su fitar da shugaba da fada ta san da shi, wanda za a kai wa kuka in aiki ya lalace, shi ma ya bi wa yaransa haƙƙinsu in an danne. Maƙera da magina sun yi haka tun kafin a haifi kakanninmu.

In an gama aiki, ka roƙi fenta ya bar maka ragowar galan ɗaya na launin da aka shafa, a rufe shi da kyau a ajiye a inuwa, a rubuta sunan kamfanin da lambar launin a bayan ƙofar zaure. Launin da aka haɗa da hannu ba ya sake fitowa daidai, kuma gindin katanga da ƙarƙashin indararo za su nemi taɓi tun kafin sauran bangon ya nema.